Muryar sabon marubuci: daga ina take fitowa, kuma wa ke juya akalarta?

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyar da yaran firamare da harshen uwa, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2022. Turanci ya koma harshen koyarwa tun daga ajin farko. Hujjar gwamnati ita ce sakamakon jarrabawa ya taɓarɓare a yankunan da suka rungumi tsarin. Masu suka kuwa suka ce tsarin bai ma kankama ba, tunda ba a horar da malamai ba, ba a kuma samar da littattafai ba, don haka ɗora masa laifin faɗuwar ɗalibai bai dace ba. Kimanin wata shida kafin wannan sanarwa, ranar 28 ga Mayu, marubucin nan ɗan Kenya, Ngugi wa Thiong'o, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana kira ga 'yan Afirka su yi rubutu da harsunansu, ya rasu yana da shekara 87.

Waɗannan abubuwa biyu sun sake jefa matasa masu sha'awar rubutu cikin ruɗani. Da farko dai, sanarwar ministan ta shafi harshen da malami zai yi bayani da shi ne a cikin aji. Ba ta hana kowa rubuta labari da Hausa ba, ba ta hana buga shi ko sayar da shi ba. Sai dai tambayar da ta taso a bayanta ta girmi sanarwar nesa ba kusa ba: matashin da ya ɗauki alƙalami a unguwannin Kaduna irin su Tudun Wada ko Rigasa ko Barnawa, ta yaya zai samu muryar da za a ce tasa ce, kuma da wane harshe?

Jigo, salo, murya

Ana yawan cakuɗa waɗannan ukun. Jigo shi ne abin da labari ya ƙunsa: auren dole, kishi, talauci, gudun hijira. Salo shi ne dabarun isar da shi, kamar wanda aka ɗora wa ba da labarin, ko a fara daga ƙarshe a dawo farko. Murya kuwa ita ce abin da ke sa mai karatu ya gane marubuci ko da an cire sunansa daga bangon littafi: abin da idonsa ke hangowa, abin da yake tsallakewa, tsawon jimlarsa, inda yake yin shiru.

A ɗauki misali ƙarami. Budurwa ta dawo daga Kasuwar Bacci bayan magariba, uwarta na tsakar gida. Sabon marubuci yakan rubuta cewa uwar ta daka mata tsawa, idanunta sun kaɗa sun yi jajir, hawaye na bin kumatun yarinyar. An karanta wannan a ɗaruruwan littattafai, an gan shi a finafinan fassara. Wani kuma, da yake yana tunanin Bature ne zai karanta, sai ya tsaya bayanin mece ce magariba da dalilin da ya sa ba a son mace ta kai wannan lokacin a waje. Na uku ya bar uwar zaune tana tsintar wake, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce wa ƙanen yarinyar, "Sani, je ka gaya wa baƙuwar nan tun ɗazu aka yi salla a gidan nan." Ba ta kira sunanta ba domin 'yar fari ce, ba ta kuma yi mata magana kai-tsaye ba domin habaicin ya fi tsawa ciwo. Jigon duka ukun ɗaya ne. Na ukun ne kaɗai ya saurari gidan da yake rubutu a kai, ya kuma yarda cewa mai karatunsa zai gane ba sai an yi masa fashin baƙi ba.

Daga wannan misali abubuwa biyu ke fitowa. Murya tana tsirowa ne daga abin da marubuci ya ji da kunnensa ya kuma karanta, sannan tana lanƙwasa gwargwadon wanda yake hasashen zai karanta shi. Kusan duk muhawarar da aka shafe shekara ɗari ana yi a kan wannan batu, a kan na biyun take.

Inda launin fata ya shigo

A Kaduna ba wanda ke kiran kansa marubuci baƙar fata. Ana cewa marubucin Hausa, ko marubucin Arewa, ko ɗan Najeriya. Laƙabin yana samun nauyi ne da zarar rubutu ya tsallaka zuwa Amurka ko Ingila, inda kamfanonin ɗab'i da masu sayar da littattafai ke kasa marubuta ta wannan fuska. Amma matsalar da baƙaƙen fatar Amurka suka fara tattaunawa a fili ta yi kama da tamu sosai.

A 1926, lokacin da adabin baƙar fata ke tashe a unguwar Harlem ta birnin New York, marubuta biyu suka yi musayar ra'ayi a mujallar The Nation. George Schuyler ya ce babu wata fasaha ta musamman ta baƙar fata, domin baƙin Amurka Ba'amurke ne kamar kowa. Langston Hughes ya mayar masa da martani da labarin wani matashin mawaƙi da ya ce shi yana so a san shi a matsayin mawaƙi kurum, ba mawaƙin baƙar fata ba. A ganin Hughes, a ƙarƙashin wannan magana akwai gudun kai, kuma wanda ke gudun kansa ba zai yi babbar waƙa ba. A shekarar dai, W. E. B. Du Bois ya kawo matsayi na uku, cewa wajibi ne fasaha ta yi wa gwagwarmayar al'umma hidima.

Rigimar ba ta tsaya a nan ba. A 1937 Zora Neale Hurston ta fitar da labari da ta cika shi da karin harshen baƙaƙen ƙauyukan kudancin Amurka, Richard Wright ya soke ta da cewa tana nishaɗantar da fararen fata ne da mutanenta. Bayan shekaru aka dawo ana ɗaukar wannan karin harshen a matsayin ƙarfin littafin. Toni Morrison, wadda ta karɓi kyautar Nobel a 1993, ta sha bayyana cewa ta yi ƙoƙarin rubutu ba tare da tunanin idon farar fata na leƙen kafaɗarta ba. Abin lura a tarihinta shi ne ta daɗe tana aikin edita a kamfanin Random House, tana gyara rubutun wasu marubuta baƙar fata, tana kuma nata a gefe.

Rigimar harshe a Afirka

A nahiyarmu muhawarar ta ɗauki wata fuska. A 1962 aka yi taron marubutan Afirka a Jami'ar Makerere da ke Kampala, amma an keɓe shi ga masu rubutu da Turanci. Shekara guda bayan haka Obi Wali, ɗan Najeriya, ya rubuta a mujallar Transition cewa adabin Afirka da ake yi da harsunan Turai hanya ce marar ɓullewa. Chinua Achebe bai yarda ba. Ya ce tarihi ya riga ya ba shi Turanci, kuma zai yi amfani da shi, amma zai lanƙwasa shi har ya iya ɗaukar nauyin rayuwarsa ta ɗan Afirka. Ya ƙara da cewa a ƙasa mai ɗaruruwan harsuna, Turancin ne ke haɗa mai karatu na wannan kusurwa da na waccan. Ngugi, wanda ya halarci taron Makerere yana ɗalibi, ya fara da Turanci, daga baya ya juya. Lokacin da aka tsare shi a kurkukun Kamiti daga ƙarshen 1977, a kan takardar banɗaki ya rubuta labarinsa na farko da harshen Gikuyu. A 1986 ya fitar da littafin da ya zayyana matsayinsa: harshe ma'ajiyar al'ada ne, wanda ya bar nasa ya bar mutanensa.

Kowane ɓangare yana da inda ya yi gaskiya da inda ya gaza. Masu bin Ngugi sun yi daidai cewa manomi da mai sana'a ba sa cikin masu karatun littafin Turanci. Sai dai shi kansa Ngugi ta hanyar fassara mafi yawan duniya ta karanta shi, kuma ya ci gaba da rubuta maƙalu da Turanci. Masu bin Achebe sun yi daidai cewa ana iya samun murya ta gaske a harshen aro. Abin da suke saurin wucewa shi ne tsadar wannan hanya, domin sai wanda ya samu makaranta mai kyau da littattafai a gida ke iya mallakar Turanci har ya sarrafa shi yadda ya ga dama.

Ga Bahaushe kuwa akwai ƙarin bayani da masu kawo wannan muhawara daga waje ba su cika yi ba: zaɓen harshe gwargwadon mai sauraro tsohuwar al'ada ce a nan. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kowanne da waɗanda take nufi da shi.

Yadda ƙagaggen labarin Hausa ya samu bakinsa

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga cikinta aka samu littattafai biyar da har yau ake karantawa a makarantu, ciki har da na Abubakar Imam da na Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Bello Kagara. Abu biyu ne suka dace sabon marubuci ya lura da su a wannan tarihi. Na ɗaya, waɗannan marubuta sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da edita, ana mayar musu da rubutu suna gyarawa. Na biyu, Imam bai ƙi aro ba. A Magana Jari Ce ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai, ya zuba musu sarakuna da fadawa da barkwancin ƙasar Hausa har asalinsu ya ɓace wa mai karatu. Kwaikwayo mataki ne da kusan kowane marubuci ke bi, laifin kawai a tsaya a kansa.

Daga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, zuwa hukumar samar da littattafai ta Jihar Arewa, wato NORLA, a shekarun 1950, zuwa kamfanin ɗab'i na NNPC na Zariya a 1966, hukuma ce ke riƙe da ƙofar ɗab'i. Wannan ya sauya a shekarun 1980. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da dubban matasa masu iya karanta Hausa, musamman mata, a daidai lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan makaranta kaɗai. Sai matasa suka fara buga nasu da kuɗinsu suna kai wa kasuwa. Mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suka kawo maganar cikin ɗaki da ta zaman kishi da ta sakin aure, da bakin waɗanda abin ya shafa.

Manazarta sun rabu a kan wannan adabi. Farfesa Ibrahim Malumfashi na cikin waɗanda suka soke shi da rashin inganci da maimaita jigo, kuma sunan "adabin kasuwar Kano" ya bi shi. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu na cikin waɗanda suka kare shi da cewa ya koya wa jama'a karatu, ya kuma buɗe bakin waɗanda da ba a jin su. An gwabza wannan muhawara a shafin adabi na jaridar New Nigerian ta nan Kaduna a shekarun 1990. Idan aka duba da kyau, duka ɓangarorin suna bayyana sakamakon abu guda ne: da hukuma ta saki ƙofa, an samu 'yanci, an kuma rasa edita.

Kasuwa biyu, kowace da abin da take so

Yau sabon marubuci a Kaduna yana tsaye ne tsakanin kasuwa biyu.

Ta farko tana cikin waya. Marubuciya tana buga labarinta da yatsa, ta saki shafi ɗaya ko biyu kowane dare a zauren WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. Shafukan farko kyauta ne. Idan labari ya kai inda ya ɗau zafi, sai ta rufe, ta ba da lambar asusun banki, wadda ta biya a saka ta a zaure na musamman. Kafin gari ya waye masu karatu sun cika zauren da sharhi: wannan ta ce a hukunta kishiyar, waccan ta ce kada a raba masoyan, wata ta yi barazanar daina karantawa. Ba a taɓa samun marubucin Hausa da ya san mai karatunsa kusa haka ba, kuma wannan makaranta ce ta gaske wajen koyon riƙe hankalin mutum. Illarta ita ce babu lokacin komawa baya a gyara, labari yakan yi ta tsawo saboda tsawon ne ke kawo kuɗi, kuma abin da ya sayu jiya shi kowa ke maimaitawa yau. Ga satar fasaha: shafin da aka biya kuɗi aka karanta, cikin minti kaɗan ya bazu a wasu zauruka kyauta. Dandalin sayar da littattafai na intanet ma ba su da tabbas, kamar yadda rufe OkadaBooks a ƙarshen 2023 ya nuna.

Ta biyu ita ce kasuwar Turanci, ta gasa da kyaututtuka. Kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka, da aka fara a 2000, fam dubu goma ce. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG dala dubu ɗari ce, kuma Abubakar Adam Ibrahim ya ci ta a 2016 da labarin da ya gina a kan rayuwar Hausawa. Elnathan John, haifaffen Kaduna, ya kai zagayen ƙarshe na Caine a 2013 da 2015. Wannan kasuwa tana da editoci, tana buɗe ƙofar fassara da tafiye-tafiye. Amma ita ma tana da abin da take jan marubuci zuwa gare shi. Helon Habila, ɗan Gombe da ya ci Caine a 2001, ya yi ƙorafi a 2013 cewa an fara samun wani salo na jera bala'o'in Afirka a labari domin burge alƙalan waje. Wasu marubutan sun mayar da cewa yaƙi da yunwa da gudun hijira gaskiya ne, ba za a ce mutum ya rufe ido a kan abin da ya gani ba.

Wannan ja-in-ja ya shafi Kaduna kai-tsaye. Rikicin 2000 da na 2002 sun sauya inda mutane ke zama, har kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin arewacin gari da kudancinsa, sannan aka shiga shekarun garkuwa da mutane. Matashin da ya tashi cikin wannan yana da haƙƙin rubuta shi. Abin tambaya shi ne ko ya rubuta shi yadda maƙwabcinsa zai karanta ya ce haka aka yi, ko kuwa yadda baƙo ke tsammanin ji. Kuma garin ya fi rikicinsa faɗi. A mota ɗaya daga Kawo zuwa Sabon Tasha ana iya jin Hausar Zazzau da ta 'yan bariki, da Gbagyi, da Jju, da Tyap, da Fulatanci, da broka. Kaɗan ne daga cikin labaran da ake rubutawa suka kama wannan cakuɗa, alhali ita ce abin da marubucin Kaduna ke da shi wanda na wani gari ba shi da shi.

Abin da ke akwai, da abin da ya yi ƙaranci

Ba a rasa wuraren haɗuwa ba. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wadda Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da reshe a jihar. An fara bikin littattafai na Kaduna, wato KABAFEST, a 2017, sannan a 2021 ƙungiyar Open Arts ta fara bikin littattafai da fasahar Hausa na HIBAF. Cibiyar Gusau tana shirya gasar marubutan Hausa, gasar Hikayata ta BBC Hausa kuma tun 2016 take fito da mata marubutan gajerun labarai. Waɗannan sun nuna wa matasa cewa rubutu sana'a ce mai daraja. Amma biki na 'yan kwanaki ne, gasa kuma sau ɗaya a shekara. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai zauna da rubutun matashi layi bayan layi, ya ce wannan jimlar ba taka ba ce, wannan babin bai da amfani, wannan tsohuwar ba haka take magana ba. Editan ƙagaggen labarin Hausa da ke cin abinci da wannan aiki kaɗai abu ne mai wuyar samu.

Cikin wannan giɓi ne ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Tana iya taimakawa wajen tsara tunani, amma jimlolinta sukan zo sumul, iri ɗaya, Hausarta kuma sau da yawa tana ɗauke da ƙirar Turanci. Ga wanda bai riga ya san muryarsa ba, da wuya ya gane lokacin da aka musanya masa ita.

Abin da zai iya biyo baya

Idan aka aiwatar da sabuwar manufar harshe yadda aka sanar, ba a sa ran Hausar baka ta raunana, domin gida da kasuwa da rediyo da fim suna riƙe da ita. Inda za a ji a jiki shi ne rubutu. Yaron da bai koyi ƙa'idojin rubutun Hausa a aji ba zai koye su ne a waya, inda ba a damu da raba kalma ko bambanta ƙ da k ba. Ɗan mai hali da ke makarantar kuɗi zai ƙware a Turanci, mai yiwuwa ya kasa rubuta wasiƙa da Hausa. Ɗan talaka a makarantar gwamnati mai cunkoso yana iya fitowa bai mallaki ko ɗaya daga cikin biyun a rubuce ba, kuma wannan ne babban haɗarin ga adabi, ko da wane harshe za a yi shi.

Ga iyaye, musamman na 'yan mata masu rubutu a waya, akwai kuɗin shiga da wasu ke samu daga ɗakinsu, akwai kuma fargabar abin da ake rubutawa, tunda wasu sun gano batsa na saurin sayuwa. A Kano Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tana sa ido a kan littattafai, kuma an taɓa ƙona wasu a bainar jama'a a 2007, amma labarin da ke yawo a waya ya fi ƙarfin irin wannan tacewa. Ga masu shagon littattafai kuwa, cinikin ƙagaggun labarai na takarda ya ja baya, saura littattafan makaranta da na addini.

Ɓangaren da har yanzu ba a taɓa sosai ba shi ne fassara. Sai a 2012 aka fitar da ɗaya daga cikin littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Turanci, fiye da shekara ashirin bayan fitowarsa, kuma wani kamfani ne a Indiya ya buga shi. Ƙa'idar kyautar Caine ta yarda a shigar da labarin da aka fassara zuwa Turanci aka buga, wato marubucin Hausa yana iya shiga ba tare da ya sauya harshen da yake rubutu da shi ba, muddin ya samu mai fassara da mai bugawa. Sassan nazarin Hausa da na Turanci a Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello suna yaye ɗalibai masu harsunan biyu kowace shekara, sai dai har yanzu ba a samu kamfanonin ɗab'i da za su riƙa biyan su kuɗin wannan aiki a kai a kai ba.